Da tsohuwar zuma ake magani: tarihin wasan Super Mario Land da na'urar Game Boy

Ranar 21 ga watan Afrilu na shekarar 1989, kamfanin Nintendo na birnin Kyoto, a ƙasar Japon, ya fito da wata ƴar na'urar wasa mai launin toka, wadda ake riƙewa da hannu biyu kamar ƙaramin littafi, ya raɗa mata suna Game Boy. Allonta ba shi da launi, ba shi da fitila a ciki, kuma ƙwaƙwalwar da ke juya ta irin wadda masana'antu suka daɗe da sabawa da ita ce. Wasanni huɗu ne suka rako ta kasuwa a ranar, kuma wanda ya fi jan hankalin masu saye a cikinsu shi ne Super Mario Land. Cikin mako biyu, na'urori dubu 300 da aka fara ƙerawa suka ƙare a kantuna.

Bayan shekaru fiye da 35, wannan wasa yana nan ana yin sa, ana kuma musu a kan darajarsa. Waɗansu na ganin sa ƙanen wasannin Mario na telebijin ne wanda bai kai su ba, waɗansu kuwa na ɗaukar sa abin koyi. Tarihin yadda aka yi shi yana nuna cewa kusan duk abin da ake yabawa a cikinsa ya samo asali ne daga ƙarancin kayan aiki, da kuma basirar mutanen da suka auna wannan ƙaranci suka yi gini daidai da shi.

Daga buga karta zuwa kayan lantarki

An kafa Nintendo a 1889, shekara 100 cif kafin fitowar Game Boy. Fusajiro Yamauchi ne ya buɗe shi, sana'arsa kuwa buga hanafuda, wata kartar gargajiya ta Japon da ake yi wa zanen furanni. Kamfanin ya zauna kan wannan sana'a har zamanin Hiroshi Yamauchi, wanda ya karɓi ragama a 1949 yana saurayi, ya riƙe ta har 2002. Da kasuwar karta ta ja baya a shekarun 1960, sai ya shiga laluben wata hanyar, har ya taɓa harkar taksi da ta shinkafa mai saurin dahuwa, ba tare da ya dace ba.

Mafita ta fito daga inda ba a zata ba. A 1965 kamfanin ya ɗauki wani matashi mai suna Gunpei Yokoi, wanda ya karanta ilimin lantarki a jami'ar Doshisha, domin ya riƙa kula da injunan buga karta. A lokacin da ba shi da aiki, Yokoi ya harhaɗa wani hannu mai miƙewa da naɗewa don ya ɗebe wa kansa kewa. Shugaban kamfanin ya gani, ya ce a mayar da shi abin sayarwa. Aka fitar da shi a 1966 da sunan Ultra Hand, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. Daga nan mai gyaran inji ya zama mai ƙirƙirar kayan wasa.

A ƙarshen shekarun 1970, Yokoi yana cikin jirgin ƙasa sai ya ga wani ma'aikaci yana danne-dannen na'urar lissafi don kashe lokaci. A wannan zamani kamfanonin Japon sun yi ta gasar ƙera na'urorin lissafi har allonsu ya yi arha ƙwarai. Yokoi ya ga cewa wannan allo mai arha zai iya ɗaukar wasa. Haka aka haifi Game & Watch a 1980, ƴan na'urori na aljihu masu wasa ɗaya ɗaya tare da agogo, waɗanda aka sayar da fiye da miliyan 43. A kan ɗaya daga cikinsu ne, a 1982, aka fara sa madannin nan mai siffar gicciye wanda babban yatsa ke juyawa sama da ƙasa, hagu da dama.

Yokoi ya yi wa wannan hanya tasa bayani sau da yawa. A ganinsa, sabuwar fasaha tana da tsada, kuma ba a gama sanin aibunta ba. Wadda ta kwana biyu kuwa ta yi arha, an san halinta ciki da waje, saura kawai a nemo mata aikin da ba wanda ya taɓa tunanin ba ta. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan ra'ayi da cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Wasan gudu da tsalle

Kafin a fahimci Super Mario Land, ya kamata a san irin wasan da ya gada. A 1981 wani matashin mai zane na Nintendo, Shigeru Miyamoto, ya tsara Donkey Kong ƙarƙashin kulawar Yokoi. A cikinsa ne ɗan mutumen nan mai gashin baki da hula, wanda daga baya aka kira Mario, ya fara bayyana yana hawa tsani yana tsallake ganguna. Amma duk abin da ke faruwa a wannan wasa yana cikin allo ɗaya ne tsayayye.

Sauyi ya zo lokacin da aka sa filin wasan ya riƙa tafiya. Mai wasa yana kallon jarumin daga gefe, kamar wanda ke zaune bakin hanya yana kallon mai wucewa. In jarumin ya nufi dama, sai ƙasa da duwatsu da ramuka su riƙa shigowa daga dama suna ficewa ta hagu. Kamfanin Namco ya yi haka a Pac-Land a 1984, sa'an nan Super Mario Bros. na Miyamoto, wanda ya fito a watan Satumba na 1985 a kan na'urar Famicom da ake jonawa da telebijin, ya kafa ƙa'idojin da kowa ya bi. An sayar da fiye da miliyan 40 na wannan wasa.

Dukan gwanintar irin wannan wasa tana kan abu biyu: auna nisa da sanin lokacin tsalle. Ido ya hango rami ko abokin gaba, hankali ya ƙiyasta, yatsa ya danna. Idan mai wasa bai ga abin da ke tafe da wuri ba, to faɗuwarsa ba laifinsa ba ce, kuma wasan da ke kayar da mutum ba da laifinsa ba, ba a daɗewa ake ajiye shi. Wannan ce matsalar da ta tsaya a gaban waɗanda aka ɗora wa nauyin ɗauko Mario daga telebijin su sa shi a tafin hannu.

Na'urar da aka yi wa kallon raini

Sashen bincike na ɗaya na Nintendo, wanda Yokoi ke shugabanta, shi ya ƙera Game Boy, kuma mataimakinsa Satoru Okada yana da babban hannu a aikin, musamman wajen nacewa kan a yi na'ura mai karɓar kaset daban daban kamar Famicom. Allon, wanda kamfanin Sharp ya yi, faɗinsa bai kai santimita 5 ba. Yana da ɗigo 160 a kwance da 144 a tsaye, alhali hoton Famicom yana da 256 da 240. Maimakon launuka, inuwa huɗu kawai yake nunawa, daga kore mai haske zuwa mai duhu. Bugu da ƙari, ɗigon allon yana da nawa wajen sauyawa, saboda haka duk abin da ya motsa da sauri sai ya bar dishi-dishi a bayansa.

A cikin shekarar nan ta 1989 kamfanin Atari na Amurka ya fito da Lynx, a 1990 kuma Sega ya fito da Game Gear, dukansu masu allo mai launi da haske. A ido sun fi Game Boy nesa ba kusa ba. Sai dai kowace tana cin pil shida, irin waɗanda ake sa wa rediyo, kuma cikin sa'o'i 3 zuwa 5 sun mutu. Game Boy pil huɗu take ɗauka, su kai ta sa'o'i 15 zuwa 30. A kasuwar Amurka kuɗinta kusan dalar Amurka 90 ne, na Game Gear 150, na Lynx kusan 180. Yokoi ya yi la'akari da cewa abin da ake yawo da shi, a mota ko a ɗakin jira, darajarsa tana ga jimirinsa da sauƙin kuɗinsa. Kasuwa ta gaskata shi: Game Gear ta tsaya wajen miliyan 10 da ƴan kai, ita kuwa Game Boy, tare da ƙanwarta mai launi da ta fito a 1998, ta haura miliyan 118.

Yadda aka sassaƙa Mario daidai da allo

Miyamoto ba shi ne ya tsara Super Mario Land ba. Okada ne ya jagoranci aikin, Yokoi yana sa ido, kuma duk wasan sai da ya shiga cikin kaset mai ɗaukar kilobayit 64, abin da bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar hannu ta yau ba.

Shawara ta farko da suka yanke ita ce ta girma. A Super Mario Bros., kowane tubali yana da ɗigo 16 a kowane gefe, allon telebijin kuma yana nuna tubali 16 a jere. Da an kwafo wannan awo zuwa Game Boy, da tubali 10 kawai za a gani, mai wasa ya riƙa afkawa cikin abin da bai hango ba. Sai suka rage tubalin zuwa ɗigo 8, suka ƙanƙantar da Mario da abokan gabansa daidai da haka, allon ya koma yana nuna tubali 20 a jere. Mario ya zama ɗan mitsitsi, fuskarsa da ƙyar ake gane ta, amma hanya ta buɗe a gabansa. Sun sadaukar da kyan hoto don su tsare adalcin wasa.

Shawara ta biyu ta shafi bango. Tun da allon yana dishi-dishi in abubuwa sun yi yawa, sai aka bar bayan fili kusan fari fat, da ƴan layuka ƙalilan masu nuna dutse ko gajimare ko itace, aka yi wa duk abin da ke motsi baƙin zane mai kauri. Ido ba ya wahalar rarrabe abin da za a taka da abin da aka sa don ado.

Rashin launi ma ya tilasta sauye-sauye. A wasan telebijin, laimar kwaɗi ja tana ƙara wa Mario girma, koriya kuma tana ba shi ƙarin rai. A allon da ba ya rarrabe ja da kore, sai aka bar laimar kwaɗi ga girma, aka ba ƙarin rai siffar zuciya. Kunkuru, wanda a da ake takawa a shuri ƙoƙonsa ya yi ta gudu a ƙasa, a nan in an taka shi sai ya fashe bayan ɗan lokaci, wanda ya taka ya yi maza ya kauce. Furen da ke ba Mario wutar jifa ya koma yana ba shi ƙwallo mai dukan ƙasa ya tashi a karkace, ya bugi bango ya dawo, har ya tattaro sulallan da hannu ba ya kaiwa. Ƙwallo ɗaya ake iya jefawa a lokaci guda, don haka wanda ya yi jifa ba lissafi sai ya jira.

Zango goma sha biyu

Labarin wasan gajere ne. Wani baƙo daga sararin samaniya mai suna Tatanga ya mamaye ƙasar Sarasaland, ya sace gimbiyarta Daisy, Mario ya bi sawu. Ƙasar tana da masarautu huɗu, kowace da zango uku. Birabuto ta ɗauko kamannin tsohuwar Masar, da dalolin Fir'auna da zakoki masu aman wuta. Muda ƙasar teku ce. Easton ta aro manyan kawunan dutsen nan na tsibirin Rapa Nui da ke tekun Pasifik, sai dai a nan suna gudu, waɗansu ma suna da fukafukai. Chai kuwa ta yi kama da tsohuwar Sin, da gora da gawawwaki masu tsalle na tatsuniyoyin can, waɗanda in an taka su sukan sake miƙewa. A ƙarshen kowace masarauta daga ukun farko, Mario yakan iske wadda ya ɗauka gimbiya ce, sai ta rikiɗe ta zama dodo ta tsere.

Abin da zai fi jan hankalin malamin makaranta shi ne yadda aka jera wahalhalun. Babu wani dogon bayani a allo. Mario yana farawa daga gefen hagu, fili a buɗe a damansa, wannan kaɗai ya isa ya nuna inda za a nufa. Abokin gaba na farko ƙarami ne mai tafiyar hawainiya, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda kuskure ba shi da tsada. Bayan hannu ya saba, sai a kawo mai tsalle, sa'an nan mai shawagi yana sako mashi daga sama, sa'an nan a haɗa su da rami. A masarauta ta uku, dutsen da ke gangarowa wanda da farko abin gudu ne, shi ne daga baya ake hawa a ƙetare filin ƙayoyi. Kowane sabon abu ana fara nuna shi shi kaɗai, a maimaita shi, kana a gauraya shi da na baya. Tsarin darasi ne wanda duk mai koyarwa ya sani, daga sauƙi zuwa wuya, daga sananne zuwa baƙo.

An kuma yi tanadi domin gwani da ɗan koyo su sami rabonsu a zango ɗaya. A ƙarshen yawancin zanguna akwai ƙofa biyu, ɗaya a ƙasa wadda kowa ke iya shiga, ɗaya a sama wadda sai an bi ta kan ƴan dakali masu motsi ko masu zubewa. Wanda ya kai ta sama yana samun damar cin ƙarin rai. Haka nan manyan dodannin ƙarshen masarauta, a mafi yawansu ana iya yaƙar su, ana kuma iya dabarar wuce su a taɓa madannin da ke bayansu. Sau biyu wasan yana sauya salo baki ɗaya: a zango na shida Mario yana tuƙa jirgin ƙarƙashin ruwa, a na goma sha biyu kuma jirgin sama, yana harbi, allon na tafiya da kansa.

Kiɗan wasan aikin Hirokazu Tanaka ne, wanda ya yi shi da muryoyi huɗu kacal da na'urar ke iya fitarwa. Ya ba kowace masarauta launinta ta hanyar sauti, ya cike gurbin abin da ido ya rasa. Masu nazarin al'adun Faransa za su gane wani abu a ciki: in Mario ya ɗauki tauraron da ke hana shi rauni, kiɗan da ke tashi shi ne na rawar kankan, daga Orphée aux enfers na Jacques Offenbach, wanda aka fara nunawa a Paris a 1858.

Inda aka yi masa ƙorafi

Masu suka suna da hujjojinsu. Wasan gajere ne: zango 12 ne, alhali Super Mario Bros. yana da 32, kuma wanda ya ƙware yana gama shi cikin kusan rabin sa'a. Motsin Mario bai kai na telebijin laushi ba. Yakan faɗo da nauyi, kuma wanda ya saba da wasan Miyamoto sai ya sake koyon awon tsalle. Kaset ɗin ba ya ajiye inda aka tsaya, in an kashe na'ura sai a koma farko. Allon kuma, da yake ba shi da fitila, ba a ganin sa a duhu.

Amma gajartar da rashin ajiya suna tafiya tare. Wasan da ba ya tuna inda aka tsaya dole ne ya zama wanda za a iya kaiwa ƙarshensa a zama ɗaya, a tsawon tafiyar mota ko hutun rana. Daidai ruwa daidai tsaki. Ga wanda ya gama kuma yana son ƙari, wasan yana sake buɗewa da abokan gaba masu yawa fiye da na farko.

Abin da ya biyo baya

Da za a kai Game Boy Amurka a ƙarshen watan Yuli na 1989, niyyar farko ita ce a haɗa ta da Super Mario Land a kwali ɗaya. Wani ɗan kasuwa mai suna Henk Rogers ya shawo kan Minoru Arakawa, shugaban reshen Nintendo na Amurka, cewa Mario yara zai jawo, amma Tetris, wasan jera tubala da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko, zai jawo manya da yara. Aka bi shawararsa. Duk da haka Super Mario Land ya sayu fiye da miliyan 18. Na'urar ta isa Turai a 1990.

A 1992 sashen Yokoi ya fitar da Super Mario Land 2, a kaset mai kilobayit 512, ninki takwas na na farko, wanda ke iya ajiye inda aka tsaya. A nan aka ƙara wa Mario girma, hoton ya yi kyau, filin da ake hangowa kuma ya ragu. A cikinsa ne Wario, kishiyan Mario mai haɗama, ya fara fitowa, kuma a 1994 ya sami wasan kansa. Gimbiya Daisy ma ta zauna cikin dangin Mario har yau.

Shi Yokoi, abin da ya ƙera a 1995, Virtual Boy, na'urar da ake leƙawa a ga hoto mai zurfi, bai karɓu ba. Ya kammala Game Boy Pocket a 1996, ya bar Nintendo a wannan shekara bayan aikin shekara 31, ya buɗe nasa kamfani mai suna Koto. Ranar 4 ga Oktoba 1997 mota ta buge shi a kan wata babbar hanya ta Japon, ya rasu yana da shekara 56. Na'urar hannu ta ƙarshe da ya sa wa hannu, WonderSwan ta kamfanin Bandai, ta fito a 1999 da allo marar launi, tana aiki da pil ɗaya tak.

Kammalawa

Tarihin kayan fasaha yawanci ana ba da shi ne kamar tsere, inda sabo ke ture tsoho, mai ƙarfi ke ture rarrauna. Labarin Super Mario Land ya nuna wata fuskar. Waɗanda suka yi shi sun karɓi allo ƙarami, inuwa huɗu, muryoyi huɗu da kaset mai ɗan ciki, suka tambayi kansu abin da mai wasa ba zai iya yi ba sai da shi, wato ya hango hanya, ya gane abin da yake gani, ya san cewa in ya faɗi kuskurensa ne. Suka tsare wannan, suka saki sauran. Malami mai allo da alli, da ƙungiyar wasan kwaikwayo mai dandali ba labule, sun san irin wannan lissafi.

Na'urorin da suka fi Game Boy haske a 1989 da 1990 sun daɗe da barin kasuwa. Shi kuwa Super Mario Land, Nintendo ya sake fitar da shi a kan na'urar 3DS a 2011, ya kuma sa shi a kan Switch a 2024, da ɗigonsa 160 da 144 da inuwarsa huɗu, yadda Okada da abokan aikinsa suka bar shi.